AIKIN HANNUNKA DA AIKIN MAI SANA'A



Rani ya yi nisa. Watan bakwai na manoma yana tafe. Yanzu ne mai gida zai shiga zaure, ko ya leƙa ƙarƙashin rumbu, ya fiddo kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya: hauya, kwashe, sungumi, galma, gatari, lauje, guga da igiya. Wani zai tarar gara ta ci ƙota. Wani zai tarar bakin hauya ya cinye. Wani kuma injin ban ruwansa zai ƙi tashi. Sai tambaya ta zo: in gyara da kaina, ko in kai wa mai sana'a?

Amsar tana da nauyi. A wannan lokaci kuɗi sun yi wuya, hatsi ya ja baya cikin rumbu. Wanda ya kai kowane ɗan aiki wurin mai sana'a, zai ƙare kuɗin iri da na kayan miya. Wanda kuma ya ce kome shi zai yi, yana iya ɓata kayansa, ya rasa shukar fari, ko ya jawo wa jikinsa lahani. Darasinmu na yau zai nuna inda iyakar take.

MISALIN WA DA ƘANE

Mu ɗauki misalin wasu ƴan uwa biyu masu noma gandu ɗaya. Wan ba ya taɓa kome da hannunsa. Ko igiyar ɗaure akuya sai ya saya a kasuwa. Ƙanen kuwa ba ya son ba kowa ko dala. Kome ya gani an yi, sai ya ce shi ma ya iya.

Wata rana ƙanen ya sayo guntun ƙarfen mota. Ya hura wuta a bayan gida, ya yi ta bugu har ƙarfen ya yi kamar gatari. Yana ja wur ya tsoma shi cikin ruwan sanyi, ya sa masa ƙota. Da ya je sassabe, ya kai wa wani kututture sara, sai bakin gatarin ya ɓalle. Ɓallin ya same shi a ƙwauri. Ya shafa ƙasa a kan raunin, ya ɗaure da tsumma. Kwana 3 ƙafa ta kumbura, aka kai shi gidan likita a kan amalanke.

Yana kwance, ruwan shuka ya sauka da dare. Da asuba wan ya ɗauki sungumi. Bai yi layi biyu ba, tsohuwar ƙota ta karye. Bai taɓa sassaƙa ƙota ba, ba shi da busasshen itace a gida, kuma kowa yana gonarsa da nasa sungumin. Kasuwa sai bayan kwana 4. Kafin ranar kasuwa, laima ta tafi. Wannan gandu bai samu shukar fari ba.

Da ƙanen ya samu sauƙi, suka tafi maƙera tare. Wan ya ce:

"Baba Sarkin Maƙera, mun zo ka raba mu. Wa ya fi laifi tsakaninmu?"

Tsohon ya ɗauki gatarin, ya juya shi, ya ce:

"Ƴaƴana, laifinku ɗaya ne. Kai babba, ka bar mini aikin da yake naka. Kai ƙarami, ka ɗauki aikin da yake nawa. Ƙota ta mai gona ce, ƙarfe na maƙeri ne. Da kowa ya tsaya wurinsa, da yanzu hatsinku ya kai noman fari."

TAMBAYOYI UKU KAFIN A FARA

Kafin ka taɓa kowane aiki, yi wa kanka tambayoyi 3.

1. In aikin ya ɓaci, me zan rasa? In gumi ne kawai da ɗan lokaci, gwada. In dukiya ce mai yawa, ko lafiya, ko rai, kai wa mai sana'a.

2. Ina da kayan da ake yin wannan aiki da su? Wuƙa ba ta zama makullin kwance inji. Dutse ba ya zama uwar maƙera.

3. Na taɓa ganin an yi shi tun daga farko har ƙarshe, na kuma gwada a gaban wanda ya iya?

Tambaya ta farko ita ce babba. Ko ka amsa sauran biyun da "i", in akwai rai a ciki, dakata.

ABIN DA MANOMI ZAI YI DA HANNUNSA

Ƙota

Kowane manomi ya kamata ya iya ƙota. Itace mai ƙarfi ake nema, kamar aduwa, marke, magariya ko bagaruwa. A saro reshe tun da kaka ko cikin ɗari. A ɓare shi, a ajiye shi a inuwa, a kan wani abu, kada ya taɓa ƙasa. A bar shi ya bushe sarai. Ɗanyen itace yana tsukewa in ya bushe, sai ƙarfe ya yi ta girgiɗi, wata rana ya fice ya sami na kusa. A sassaƙe da gizago, a goge da wuƙa har ya yi santsi, don kada ya yi wa hannu kanta. A auna tsawon da jikin mai aikin: ƙotar yaro daban, ta babba daban. Kowace hauya a tanada mata ƙota biyu, ɗaya tana aiki, ɗaya tana jira.

Ina za a samu itacen? Cikin gonarka. Tun shekarar 1984 sassabin zamani ya fara yaɗuwa a jihar Maraɗi. Maimakon a sare duk tohon kututture a ƙone, sai a zaɓi tsiro 2 zuwa 5 masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Wanda yake yin haka, ƙota da itacen rumbu da na girki suna fitowa daga gonarsa. Ba a sare itace daga gindi saboda ƙota. Reshe ya isa. A kiyaye kuma da dokar gandun daji, domin akwai itatuwan da ba a taɓawa sai da izini.

Igiya da wasa baki

Da kaba, da ɓawon rama, da ɓawon kalgo, duk ana tufka igiya da su. Irin wannan igiya ta isa ɗaurin dabba, darni da rumbu. Haka nan wasa bakin lauje, wuƙa da gatari aikin mai su ne. Dutsen washi da ɗan ruwa sun isa. Kayan aiki mai kaifi ya fi dakusasshe sauƙi, ya kuma fi shi aminci, domin dakusasshe ne yake zamewa. Bayan aiki a kankare ƙasa daga jikin ƙarfe, a rataye shi inda raɓa ba ta kai wa.

Ma'aunin gangare

Ga wani kayan aiki da ba ya cin ko dala, amma yana raya gona. A ƙasar Adar, wajen Tawa, Illela, Badagishiri da Keita, manoma suna jera duwatsu a gona don su tare ruwa. Jeren ba ya amfani sai ya bi layin da ƙasa ta yi daidai, ba hawa ba gangara. In layin ya karkace, ruwa zai taru wuri ɗaya, ya fasa, ya yi ƙorama. Ido kaɗai ba ya gane wannan layi. Ma'aunin gangare yana gane shi. Ga yadda ake yin sa:

1. A samo sanduna 2 miƙaƙƙu, kowace metir 2, da ta uku mai metir 1.

2. A haɗa kawunan dogayen biyu, a ɗaure tam. A buɗe ƙafafunsu kamar metir 1 da rabi.

3. A gicciya sanda ta uku a tsakiyarsu, a ɗaure ta gefe da gefe. Yanzu abin ya yi kama da harafin A.

4. A ɗaura zare a ƙoli. A ɗaura dutse a ƙarshen zaren, ya sauko ƙasa da sandar gicciye.

5. A tsayar da ma'aunin a ƙasa. A kafa ɗan turke a gindin kowace ƙafa. In zaren ya daina lilo, a yi alama a wurin da ya taɓa sandar gicciye.

6. A juya ma'aunin, ƙafar dama ta koma wurin ta hagu, ta hagu ta koma wurin ta dama. A yi alama ta biyu.

7. A yi tsaga a tsakiyar alamun biyu. Wannan tsaga ita ce shaidar daidai.

Wurin aiki, a aje ƙafa ɗaya a bakin gona. A matsa ɗayar sama ko ƙasa har zaren ya tsaya a kan tsaga. A kafa turke. A bar ƙafa ta biyu a wurinta, a juyo ta farko gaba, a sake nema. Haka za a yi ta yi har a ƙetare gona. Layin turakun nan, shi ne wurin jera duwatsu. Da safe ake wannan aiki, kafin iska ta tashi ta dami zaren. Kowace rana a sake gwada tsagar, domin ɗauri yana sassautawa.

Karan auna tassa

A shekarar 1989 wasu manoman Illela suka tafi ƙasar Yatenga, cikin Burkina Faso. Suka ga yadda ake gina ramu a fako, a zuba taki, a shuka a ciki. Da suka komo suka gwada, maƙwabta suka gani suka ɗauka. Wannan ita ce tassa. Kayan aikinta hauya ce mai ƙarfi daga maƙeri, da kara 2 daga hannunka. A yanke kara ɗaya metir 1, don auna tsakanin rami da rami. A yanke ɗaya santimetir 20, don auna zurfi. Faɗin rami santimetir 20 zuwa 30. Ƙasar da aka fiddo a tara ta ta wajen gangara, don ta tare ruwa. A zuba taki cikin hannu 2. In an bar metir 1 ta kowane gefe, hekta ɗaya tana ɗaukar rami 10.000.

Murhu da wurin wanke hannu

Mata ma suna da nasu. A shekarun 1980 aka yaɗa murhu iri biyu masu tattalin itace a ƙasarmu. Ɗaya na laka ne, ana kiransa Albarka. Ɗaya na ƙarfe ne, ana kiransa Mai Sauƙi. Na laka, mace tana gina shi da kanta: laka, ƙaiƙayi ko yankakkiyar ciyawa, da kashin jaki ko na shanu, a cuɗa, a bar shi ya kwana biyu, a gina kewaye da duwatsun murhu 3 daidai da tukunyar gidan. In ya tsage, a liƙe. Na ƙarfe kuwa sai maƙeri, domin shi yake da almakashin yankan ƙarfe da ma'aunin kowace tukunya. Murhun nan biyu sun isa misali: aiki ɗaya suke yi, amma ɗaya na gida ne, ɗaya na maƙera.

Wurin wanke hannu ma ba ya bukatar kowa. A samo bido mai litir 5 wanda aka zuba man girki a ciki, a wanke shi. A huda shi kusa da wuya da ƙusa mai zafi. A kafa sanduna 2 masu gwafa kusa da salga, a gicciya ta uku, a rataye bidon ta mariƙinsa. A ɗaura igiya daga wuyansa zuwa wata sanda a ƙasa. In an taka sandar, bidon zai sunkuya, ruwa ya zubo. A rataye sabulu a gefe, a zuba tsakuwa a ƙasa don kada wurin ya yi taɓo. Wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga salga, da kafin cin abinci, yana rage zawo ga yara da manya.

ABIN DA AKE KAI WA MASU SANA'A

Maƙeri

Me ya sa gatarin ƙanen nan ya ɓalle? Domin ƙira ba bugu kaɗai ba ce. Ƙarfe iri-iri ne. Wani yana da taushi, wani yana da tauri. A da, maƙera suna narka tama su fitar da ƙarfe. Yanzu yawancinsu da ƙarfen tsofaffin motoci suke aiki, kamar yadda ake gani a kasuwar Katako ta Yamai da sauran manyan kasuwanni. Maƙeri ya san wane ƙarfe ya dace da gatari, wane ya dace da hauya. Yana da zugazugi, uwar maƙera, masaba, awartaki, da gawayin ƙirya mai zafi. Yana duban launin ƙarfe cikin wuta, ya san lokacin da zai fiddo shi, da lokacin da zai tsoma shi. In ƙarfe ya yi tauri da yawa, zai fashe kamar kasko. In bai yi tauri ba, zai lanƙwashe. Wannan sani shekaru ake yi ana koyonsa a gindin zugazugi. Saboda haka ƙira, ƙarin baki, da miƙe haƙoran galmar shanu, duk a kai su maƙera.

Mai walda

Amalanke yana ɗaukar kaya masu nauyi, yana ɗaukar mata da yara zuwa kasuwa, yana ɗaukar marar lafiya zuwa likita. In ƙarfensa ya tsage, kada a ɗaure da waya ko roba a ce "ya kai mu gida". A kai wa mai walda. In ana walda, kada a tsaya ana kallon hasken, kada a bar yara su kalla. Yana ƙona ido, zafin kuma sai da dare yake tasowa. Abu ɗaya kuma: tanon da aka taɓa zuba isansi, wato fetur, kada a yanka shi ko a kusantar da shi ga wuta a gida. Ko ya daɗe ba kome a ciki, tururin man yana nan, yana iya fashewa.

Makaniki

Masu noman rani a Jiratawa, Ƙonni, Galmi, Tabalak da fadamun Korama sun san darajar injin ban ruwa. A nan aikin rabuwa yake yi gida biyu. Na mai inji: ya duba baƙin mai kowace safiya kafin ya tayar. Ya canja shi a kan lokaci. Ga yawancin ƙananan injuna, bayan awa 50 zuwa 100 na aiki ne. Ya wanke matatar iska, domin ƙura ce take kashe inji a ƙasarmu. Ya goge buji. Ya tace mai kafin ya zuba. Ya cika famfon da ruwa kafin ya tayar, kada ya bar shi yana juyawa a bushe. Na makaniki: duk abin da sai an buɗe cikin inji. In inji yana fitar da hayaƙi mai yawa, ko yana shan baƙin mai, ko ana jin ƙara a cikinsa, a kashe shi, a kira makaniki. Ƙananan kusoshin ciki, in ɗaya ta faɗa cikin rairayi, ko aka mayar da ita ba daidai ba, gyaran dala 200 yana iya komawa sayen sabon inji, albasa kuma tana can tana jiran ruwa.

Magina rijiya

A nan ne tambaya ta farko take da ƙarfi ƙwarai. Ƙasarmu yawanci rairayi ce. Rijiyar da ba a ɗaure da siminti ba tana iya rubzawa ba tare da wata alama ba. Gina rijiya mai zurfi, da yasarta, da saukar da zoben siminti, aikin magina rijiya ne. Igiyar da mutum zai sauka da ita ba irin ta ɗaurin akuya ba ce. Kuma ba a shiga rijiya sai da mutane a baki suna riƙe da igiyar.

Ga wani haɗari da ya zo tare da inji. Injin ban ruwa ba ya jawo ruwan da ya wuce zurfin metir 7 ko 8. Saboda haka in ruwa ya ja baya, wasu sukan saukar da injin cikin rijiya. Hayaƙinsa yana ɗauke da wata guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana taruwa cikin rijiyar. Wanda ya shiga, kansa zai yi ciwo, jiri ya ɗebe shi, ya faɗi. Ɗan uwansa ya shiga ceto, shi ma ya faɗi. Fitila tana iya ci gaba da ci a wurin, alhali gubar tana nan. Saboda haka kada kowa ya shiga rijiyar da inji yake aiki a ciki, ko wadda aka kashe injinta ba da daɗewa ba. In wani ya faɗi a ciki, kada a bi shi haka nan. A kashe injin daga sama in da hali, a yi kururuwa, a nemi taimako, a aika wa likita.

Famfon feshi

Maganin ƙwari guba ne. Kada a yayyafa shi da tsintsiya, ko reshe, ko gwangwanin da aka huda. Da famfon feshi ake yi, bayan an nemi shawarar malamin gona. In bakin famfon ya toshe, kada a busa shi da baki. A wanke da ruwa, a zura siririyar ciyawa. In yana yoyo a bayan mai feshi, a daina aiki da shi sai an gyara. Bidon maganin ƙwari kuwa, ba a mayar da shi guga, ko moɗa, ko mazubin nono. A ɗauraye shi sau 3, a zuba ruwan ɗaurayar cikin famfon, a huda bidon don kada wani ya ɗauka.

IN AN JI RAUNI

Ko an yi hankali, mai aiki da ƙarfe yana jin rauni. Ƙanen nan ya yi kuskure biyu: na farko ƙira, na biyu shafa ƙasa. Akwai ciwon da likitoci suke kira tetanos. Ƙwayarsa tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Tana shiga jiki ta rauni, musamman mai zurfi, kamar na ƙusa, ƙaya ko hauya. Bayan kwana 3 zuwa 21, haƙora su datse, wuya da baya su sandare. Ciwo ne mai kisa. Ga abin da za a yi:

1. A wanke raunin nan take da ruwa mai tsabta da sabulu, a wanke sosai.

2. In jini yana zuba, a danne da ƙyalle mai tsabta.

3. Kada a sa ƙasa, kashin shanu, toka, baƙin mai ko garin batir.

4. In raunin yana da zurfi ko datti, a tafi gidan likita ran nan, a tambayi allurar tetanos.

Rigakafi ya fi magani. Jarirai suna samun wannan rigakafi cikin allurar da ake yi musu a mako na 6, na 10 da na 14. Mata masu ciki suna samu wurin awo, yana kare su, yana kare jariri. Maza manoma su ma su tambaya.

Akwai kuma kayan da ba a yi a gida, ba a kuma maimaita su: allurar likita da rezar yankan cibiya. Allura sai ma'aikacin lafiya, kowane mutum da sabuwa. Haihuwa a gidan likita ta fi. In ta zo a gida, da sabuwar reza ake yanke cibiya, ba a shafa mata ƙasa ko toka. Wurin wanzami ma, kowa da sabuwar rezarsa, domin sida da ciwon hanta suna bin jini.

ZAMA DA MAI SANA'A

Mai sana'a maƙwabci ne, kuma shi ma yawanci manomi ne. Ga shawarwari 5.

1. A kai aiki da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya. In hadari ya taso, maƙera cika take yi, maƙeri kuma yana son zuwa tasa gonar.

2. A yi ciniki kafin a fara aiki. A faɗi kuɗi, a faɗi rana. Ku da kuka yi karatu, ku rubuta cikin littafinku: ranar da aka kai, abin da aka ba da, abin da ya saura.

3. A biya haƙƙi. In ba kuɗi, a daidaita a kan hatsi da kaka, kamar yadda iyayenmu suke yi da maƙeransu, a kuma cika alkawari. Garin da ya hana maƙerinsa haƙƙi, wata rana zai bi shi birni da hauya a kafaɗa.

4. Kada a bi araha kawai. A duba aikin da mutum ya yi wa wasu. Hauyar da ta yi damana 3 ta fi mai araha wadda ta mutu a noman fari.

5. A tsaya a gani, a tambaya. Ka ce wa makaniki: "Malam, me ya kawo wannan? Me zan yi kada ya sake?" Mai sana'a na ƙwarai ba ya ƙin amsawa. Wanda kuma yake son sana'ar kanta, ƙofa a buɗe take: ya je ya zauna a gaban mai ita ya koya, ko ya kai ɗansa.

Abin da mutum ɗaya ba ya iya saya, ƙungiya tana iyawa. Famfon feshi ɗaya, da makullan inji, da doguwar igiya mai ƙarfi, suna isar manoma 10 in an naɗa mai kula da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Mene ne kuskuren wan? Mene ne kuskuren ƙanen?

2. Faɗi tambayoyi 3 da ake yi kafin a fara aiki. Wace ce babba?

3. Rubuta kayan aiki 3 da za ka iya yi da kanka, da 3 da za ka kai wa mai sana'a.

4. Me ya sa ba a shiga rijiyar da inji yake aiki a ciki?

5. Waɗanne masu sana'a ne ake da su a garinku? Waɗanne ne babu?

LISSAFI

1. A ce ana sayar da ƙota dala 60. Wani gida yana bukatar ƙota 8 a shekara. In mai gidan ya sassaƙa da kansa, dala nawa ya tsirar?

2. A ce mutum yana gina ramin tassa 100 a yini. Mutum 5 za su yi kwana nawa kafin su gina rami 5.000, wato rabin hekta?

AIKIN WANNAN MAKO

Kowa ya fiddo kayan aikinsa, ya kasa su kashi biyu a tsakar gida: na gyaran hannu, da na kai wa mai sana'a. Kashi na biyu ya tafi ranar kasuwa mai zuwa. Ƴan aji kuma su haɗu su yi ma'aunin gangare ɗaya, su gwada shi a gonar ɗaya daga cikinsu, su rubuto mana abin da suka gani.

Allah ya ba mu lafiya, ya kawo damana mai albarka. Amin.